Kore da zinari, to ina ruwan goron?

Duk ranar 17 ga Maris sai hotunan bikin Waliyyi Patrick na mutanen Ailan su cika min waya. Kore ta ko'ina: kore shar irin na sabon ganye, kore mai duhu kamar na kwalba, da wanda ya kusa komawa tsanwa. A gefe kuma ga ruwan zinari, a jikin hula, a bakin kofi, a kan ɗan ganyen nan nasu mai kunne uku. Ba na musu, haɗin yana da kyau. Ko a shadda aka yi wa kore aikin zinari ai ya fito.

Abin da ke damuna shi ne masu cewa wai launukan tutar ƙasar ke nan. Ba haka ba ne. Kundin tsarin mulkinsu na 1937 cewa ya yi kore, fari da ruwan goro, launukan da ɗan Nijar ya sani a tasa tutar. Koren na ɓangaren 'yan Katolika masu kishin ƙasa ne, ruwan goron na Furotesta magoya bayan Sarki William na Orange, farin da ke tsakiya kuwa zaman lafiya tsakaninsu. Da wannan niyya Thomas Francis Meagher, wani ɗan kishin ƙasar Ailan, ya ɗaga ta a garin Waterford a 1848. Wanda ya cire ruwan goro ya sa zinari don ya fi daɗin kallo, ya sani ko bai sani ba, ya kori maƙwabci daga cikin tuta.

Shi kansa koren ma ba shi ne ɗan fari ba. Da shuɗi aka fara danganta waliyyin, kuma har yau tambarin ƙasar molo ne na zinari a kan shuɗi. Tawayen da 'yan Ailan suka yi wa mulkin Birtaniya a 1798 ne ya ƙara wa kore ƙarfi. Ka ga zinarin yana da gidansa, a jikin molo, ba sai ya ƙwace na wani ba.

Abin da ya fi ba ni dariya Shikago ce ta Amurka. Tun 1962 suke rina koginsu kore saboda wannan biki, jama'a su cika gadoji suna ɗaukar hoto. Garin rinin da ake barbaɗawa daga cikin kwalekwale kuwa ruwan goro ne, sai ya taɓa ruwa yake komawa kore.