Ku daina cewa Iya mai haƙuri ce

Yau shekara guda cif da rasuwar kakata Iya, wadda ta haifi babanmu, kuma akwai maganar da take cina tun ranar sadakar uku ban faɗa ba sai yau. Duk wanda ya shigo gaisuwa, maza a ƙofar gida mata a ciki, bakinsu ɗaya: Allah sarki Iya, baiwar Allah mai haƙuri. Ina kan tabarma ina amsa amin amin amma a raina cewa nake anya Iyar tamu ake nufi kuwa? Matar da in ka ci bashin ƙuli-ƙulin naira hamsin za ta aiko yaro har majalisarku ya tsaya a kanka ya ce wai in ji Iya ba ita ta haife ka ba?

Mu fa haka muke, in tsohuwa ta mutu sai mu naɗe rayuwarta kaf cikin kalma ɗaya, kamar abin da ya kawo ta duniya kenan, a ɓata mata ta yi shiru. Namiji ya rasu a ce ɗan kasuwa ne, ya riƙe dangi, ya yi kaza ya yi kaza. To ita ma ƴar kasuwa ce, kasuwar ce dai ba ta taɓa takawa da ƙafarta ba.

Ba ta san shekarar haihuwarta ba. Lissafinta shi ne an kawo ta gidan nan cikin birni shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, zamanin Sarki Sanusi, wato 1956, kuma tana da cikin babanmu aka kashe Sardauna a 1966. Tana cikin kulle ta fara man gyaɗa, lokacin dalar gyaɗa na nan tsaye a Kano. Na tashi na tarar da aikin bai canja ba: a soya gyaɗa, a murje, a sheƙe ɓawon, mu yara mu kai inji a markaɗo, sannan ta juye a turmi tana ɗiga ruwan zafi kaɗan kaɗan tana juyawa har man ya taso ya kwanta a sama. Wajen ruwan nan ne ba ta yarda da kowa, ta ce in ya yi yawa ka kashe kwaɓin. Ta matse, ta mulmula tunkuzar, ta soya da man da ya fita daga jikinta. Tafin hannunta kamar fatar ganga, in ta shafa maka kai sai ka ji. Ni mijinta take ce min, ragon miji mai cin ƙuli ba ya ba da kuɗin cefane, ƙannena mata kuwa kishiyoyi ne, kullum cikin faɗa suke da ita.

Ta ba mu labarin farin 1973, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 har gyaɗar ta yi tsadar da ba ta taɓuwa, ta ce mata da yawa a layinmu a nan suka ajiye sana'ar, ita kuwa ta koma daddawa da fura har abu ya lafa. Kuma duk da tun 1973 aka canja kuɗi zuwa naira da kwabo, Iya har ta koma ga Allah da fam take lissafi. Naira biyu fam guda, ɗari biyu jaka. Ka kawo mata dubu ta ce jaka biyar. Ka ɗauko waya za ka buga lissafi kafin ka buɗe ta gama, ta kuma gaya maka inda ka so ka cuce ta.

Da kakanmu ya rasu ya bar ta da ƴaƴa bakwai, tana fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ƴan'uwansa suka zo da maganar a sayar da gida a raba. An ce daga bayan labule ta tambaye su nawa ne rabon nasu, ta ce a ba ta zuwa kaka. Ta biya su. Kwallayen jerenta da kuɗin adashi da akuyoyi biyu suka tafi a wannan. Makka ma da kuɗinta ta je, haƙorin nan da take washe mana ba wani ɗa da ya saya mata. Wannan ne za a ce min haƙuri? Ai wannan zuciya ce da taurin kai.

Kuma kada in yi mata abin da nake ƙorafi a kai, wato in wanke ta tas. Tallan nan da ya riƙe gidan a kan gwaggonnina ya ƙare. Da aka buɗe UPE, wato shirin karatun firamare kyauta, a 1976 ana bi gida gida ana ɗaukar yara, mazan ta bari, matan ta ce wa zai ɗaukar mata farantin ƙuli? Ƙaramar gwaggonmu har gobe in maganar ta tashi sai ta yi shiru ta kau da kai, kuma tana da gaskiya. Iya da kanta ta gane daga baya, don ita ce ta biya wa yayata kuɗin jarrabawa da babanmu ya ce babu, har da masifar cewa in aka cire ta daga makaranta ba ta yafe ba. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne.

Tun da ta tafi zumuncin ya koma guruf ɗin WhatsApp, Juma'a a turo hoton fure da addu'a shikenan. Da kuwa ranar Sallah in ba ka zo ka durƙusa a ɗakinta ba, ko kai waye, ko a Abuja kake aiki, saƙo zai iske ka kuma ba mai daɗi ba.

Lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 mun yi fama da ita ta fito da tsofaffin kuɗinta a kai banki ta ƙi, ta ce ita ba ta ajiya a inda sai ta yi layi ta roƙi abinta. Bayan arba'in da aka zo rabon kayan ɗakinta aka jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, cikinta ƙulli ƙulli ne na tsumma har goma sha ɗaya, kowanne launinsa daban, ba rubutu ba komai. Kawu ya fara cewa a haɗa a ƙirga cikin gado, sai ƙaramar gwaggon nan tamu, ita dai wadda aka hana boko, ta ce a dakata. Ta zauna ta ware su ɗaya bayan ɗaya, wannan na mai koko ne, wannan na matar mai gyaran keke, wannan zubin marayun bayan layi ne. Ranar har magariba muna zaga unguwa muna miƙa wa mutane ajiyarsu, wata ta kwance nata a gabanmu ta ƙirga, ta ɗago ta ce ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya sa ta huta.