Jin Shawarar Ma'aikata Ba Miƙa Musu Masana'anta Ba Ne

A Katsina, da ka ce wa mai injin casar shinkafa ko na matse gyaɗa ya riƙa shawara da ma'aikatansa, sai ya ce so kake yaro ya hau kan maigida. Wasu ma'aikatan ma sun ɗauka maganar ƙarin albashi ce ko barazanar yajin aiki. Duk sun yi kuskure.

Dukiya ta mai ita ce, hukuncin ƙarshe ma nasa ne. Abin da ake nema, kafin a sauya lokacin aiki, ko a sayo sabon inji, ko a rage mutane, a saurari waɗanda ke tsaye gaban injin tun safe. Wanda ya shekara goma yana jin ƙarar inji yakan gane bel ya kusa tsinkewa tun kafin manaja ya gani a takarda. Abin yana damuna idan na ga irin wannan sani yana tafiya a banza.

A Jamus, dokar 1976 ta ba ma'aikata rabin kujerun majalisar da ke sa ido kan yawancin kamfanonin da ma'aikatansu suka haura 2,000. Amma ko a can, idan ƙuri'u suka yi kunnen doki, shugaban majalisar, wanda yawanci daga masu hannun jari yake, shi ke raba gardama. A Toyota kuwa, ma'aikaci na iya jan igiya ko danna maɓalli a tsayar da layin haɗa motoci idan ya ga aibi.

Ƙaramar masana'anta ba ta buƙatar duk wannan. Zama ɗaya a wata ya isa a fara, muddin ba za a kori wanda ya faɗi gaskiya ba.