A Daina Barin Ƙahon Bariton Ga Wanda Ya Makara

Duk lokacin da aka tara matasa domin kafa ƙungiyar badujala, a makaranta ko a coci ko a bariki, kowa turamfet yake miƙa wa hannu, saboda shi ne mai kaifin murya kuma shi ke jan waƙa, sai a bar bariton ga wanda ya zo daga baya. Wannan rabo yana damuna ƙwarai, domin a ganina babu ƙahon da ya fi bariton dacewa da mai fara koyon busa.

Bariton ya fito ne daga dangin ƙahonin da Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam, ya yi wa rajista a birnin Paris a shekarar 1845, sannan ya samu gindin zama a ƙungiyoyin busa na ma'aikatan ma'adinai da masaƙu a arewacin Ingila, inda har yau ake ajiye bariton biyu, yufoniyom (wani ƙaho mai kama da bariton) biyu da manyan ƙahonin tuba huɗu a cikakkiyar ƙungiya. Da za a miƙe bututunsa, tsawonsa zai kai kimanin ƙafa 9, wato ninki biyu na turamfet, kuma daga nan kaurin muryarsa ya samo asali. Kofin da ake ɗora leɓe a kansa ya fi na turamfet faɗi, shi ya sa yaro kan fitar da sauti mai tsabta tun a kwanakin farko ba tare da ya matse baki har ya gaji ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa kakaki a ƙofar fada ya san sirrin: leɓe ne ke kaɗawa, ƙarfe kuwa ɗaukar sautin kawai yake yi.

Maɓallan bariton uku ne, kuma kowannensu yana ƙara wa iska tsawon hanya domin murya ta sauka: na farko taki ɗaya, na biyu rabin taki, na uku taki ɗaya da rabi. Wanda ya haddace wannan tsari ya riga ya riƙe mabuɗin yufoniyom, wanda bututunsa ya fi faɗi kuma muryarsa ta fi taushi, har ma da na tuba. Abin da zai rage masa shi ne ƙarin numfashi.

Amma abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne kunne. Mai bariton yana zaune ne a tsakiyar ƙungiya, tuba na ƙasa da shi, turamfet na sama, don haka dole ne ya saurari kowa kafin ya san ko muryarsa ta daidaita. Wannan tarbiyya ce da mai jan waƙa kan daɗe bai samu ba. Saboda haka nake roƙon malamai da su daina gaggawar ɗora wa ɗalibi waƙoƙin fareti, su bar shi ya zauna kan dogon sauti guda, yana jan numfashi daga ciki ba daga kafaɗa ba, har muryar ta daina rawa. Su kuma koya masa sa wa maɓallai mai da zubar da ruwan da ke taruwa a bututu bayan kowace busa, domin galibin ƙahonin da ke hannun ƙungiyoyinmu na hannu ne, kuma maɓallin da ya maƙale yana sa yaro zargin kansa a kan laifin da ba nasa ba.