Sharaɗin ya tsaya a Turanci, hoton ya iso ƙauye

Tun da kamfanin Valve ya cire ɗaruruwan wasannin kwamfuta na manya daga shagonsa na Steam a watan Yulin 2025, shi kuma wani shagon wasanni na intanet, itch.io, ya ɓoye nasa daga idon mai nema, bayan ƙungiyar Collective Shout ta Ostareliya ta matsa wa kamfanonin katin kuɗi irin su Visa da Mastercard lamba, ake ta kai ruwa rana a intanet. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne yadda wasu 'yan bokonmu suka ɗauko hujjar masu kare waɗannan wasanni ɗungurungum suka sauke mana a Facebook. Wai wasannin ƙananan masu ƙirƙira da ke nuna alaƙar da Turawa ke kira BDSM, wato ɗaure abokin tarayya, mallake shi da yi masa horo bisa amincewarsa, makaranta ce ta koyon yarda da kiyaye iyaka.

Ba na musun cewa akwai waɗanda suka yi aikin da tunani. Wasan Hurt Me Plenty da Robert Yang ya fitar a 2014 a kan haka aka gina shi: sai an yi yarjejeniya kafin a fara, akwai kalmar da idan aka furta ta dole a dakata, kuma wanda ya yi kunnen uwar shegu da ita wasan zai rufe masa ƙofa na wani lokaci. Amma masu kafa hujja da irin wannan ba su taɓa zama a rumfar mai caji ranar kasuwa ba.

Ni na zauna, a wani ƙauye da ke yankin Ringim. Janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako kowacce da lambarta a jikin salatif, mai rumfar kuma yana tura fina-finai da waƙoƙi da wasanni ta Xender ko a memori. A gefena wani matashi da za a ɗaura wa aure bayan kaka yana ta danna wayarsa. Irin wasannin nan ne da ake haɗawa da manhajar Ren'Py, zane a sama, rubutu a ƙasa, kuma da yawansu suna hawa wayar Android. Ya yi sauri zai ɓoye, na danne kunya na tambaye shi ko yana gane abin da aka rubuta. Ya ce, “Malam, ai wannan Turancin ba karanta shi ake yi ba, dannawa ake a wuce.”

To, a cikin wannan rubutun da ake tsallakewa ne duk yardar da ake mana taƙama da ita take. Sharaɗi, kalmar dakatarwa, tambayar lafiya bayan an gama, duk Turanci ne, kuma babban yatsa yana haɗiye su cikin ƙiftawar ido. Hoton mace a ɗaure kuwa ba ya neman tafinta. Ga shi ba masu tunanin ne suka fi yawo a memori ba, kuma wanda bai manta wasan No Mercy da aka yi ta hayaniya a kansa a Afrilun 2025 har aka janye shi daga Steam ba, ya san cewa wasu babu ma yardar ko a rubuce. Kwafin da ke isowa ƙauye ba a saye shi da kati ba, ba a tambayi shekarun kowa ba, don haka hukuncin Visa bai ko girgiza rumfar ba.

Sannan a dubi ƙasar da wannan iri ke faɗawa. A nan amarya tana jin nauyin buɗe baki ta ce a'a, kuma idan ta yi yaji da tabo a jiki, abin da ta fi ji a gidansu shi ne a yi haƙuri. Jigawa ta sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane tun 2021, amma doka ba ta shiga ɗaki. Yarjejeniyar da wasan ke zato tana buƙatar mutum biyu da kowannensu zai iya tashi ya tafi, alhali mu ɗaya ne kawai ke da wannan ikon.

Masu kiran Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta haramta abin kuwa, sai su fara gaya mana yadda ake tace memorin da bai kai farce girma ba. Idan akwai abin yi, yana wajen masu cajin da ke zaɓar abin da suke turawa, da malaman da ke yi wa angwaye nasiha, waɗanda ya kamata su daina kewaye-kewaye a kan cutar da mace a shimfiɗa.

Kafin in tashi na sa matashin ya koma shafin farko, na fassara masa. Matar da ke cikin wasan ce ke lissafa abin da ba ta yarda a yi mata ba, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce shi duk tsawon lokacin nan ya ɗauka laifi ta yi take ba da haƙuri.