Riɗin da Ya Hau Jirgi Shi Kaɗai

Waɗanda suka halarci zaman da ɗalibanmu suka shirya jiya a nan Gadarif ta ƙasar Sudan sun ji abin da na ji, saboda haka ba sai na maimaita ba. Malamin tattalin arziki guda, mai digiri a kan digiri, ya tsaya ya shaida wa yaranmu cewa tun da motocin riɗi suna jerin gwano zuwa Bur Sudan, to ƙasa tana ci gaba. Madalla da wannan ilimi! Ashe da can kakanninmu da suka yi ta dakon buhu su ne manyan masana, mu ne ba mu sani ba.

Tambayata ɗaya ce, kuma ita na yi masa ya kauce: wannan buhu da ya tafi, wa ya ja a bayansa? Tun 1958 masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya bayyana cewa darajar sana'a tana cikin sana'o'in da take tayarwa, na baya masu kawo mata kayan aiki da na gaba masu sarrafa abin da ta fitar. Riɗin da aka matse a gida yana ba mai injin matsa aiki, ya ba mai gyaran injin, ya ba mai ƙera jarka da mai yin ɗahaniya, wato alewar riɗi, sannan tunkuzarsa, wadda muke kira ambaz, ta tafi wurin mai kiwo, tumakin su yi ƙiba, mahauci da majemi su samu. Riɗin da ya hau jirgi da ƙwayarsa kuwa direba da ɗan dako kaɗai ya sani, sauran ayyukan nan duka ya kai wa 'ya'yan wasu a ƙetaren teku.

Wani ya ce mini ai dala tana shigowa. To, dalar ta shigo a zamanin auduga ma. An gama madatsar Sinnar a 1925, iyayenmu daga Mayirno da sauran garuruwa suka sunkuya a hawashohin Jazira, wato gonakin audugar da madatsar ke shayarwa, suna tsinka, ana gurzar audugar a Barakat da Hasahisa, amma shekara da shekaru masaƙun suna Lankasha ta Ingila. Dalar ta shigo a zamanin fetur, har 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man, muka waiwaya ba mu ga wata sana'a da ya raina mana ba. Wani kuma ya ce yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya rusa masana'antu. Gaskiya ne, kuma babu gidan da bai ɗanɗana ba, amma ƙaro da riɗi ɗanye muke fitarwa tun kafin a harba harsashi na farko. Mai cewa ba za mu iya ba ya je masana'antar sukari ta Kenana, inda rake ɗaya ya ba da sukari, ɓawonsa ya ba da wutar lantarki, ragowar madinsa ta zama itanol da abincin dabbobi.

Abin da ya fi yi mini ciwo, kuma a nan ba zolaya nake yi ba, shi ne cikin awa biyu malamin bai ambaci ƙasar noman ko sau ɗaya ba, alhali ita ce farkon wannan sarƙa. Tun shekarun 1940 ake noman tarakta a yankin nan, aka share daji, ana maimaita dawa da riɗi a fili ɗaya har ƙuduji ya mamaye gonaki. Doka ta ce a bar wa itatuwa kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan gonaki, kuma duk wanda ya taɓa fita bayan gari ya ga yadda ake bin ta. Manomin Kurdufan da bai shiga aji ba yakan bar gonarsa ga ɗakwara ta huta, ya ɗebi ƙaro shekaru, sannan ya dawo ya tarar ƙasa ta farfaɗo. A ajinmu kuwa ana koya wa yaro ya rubuta kuɗin buhu a shafin riba, ƙarfin gonar da ya bi buhun ba shi da shafi ko kaɗan, sai a ware wa maganar ɗorewa babin ƙarshe wanda zangon karatu ke ƙarewa ba a kai gare shi ba.

Da na fito daga zauren sai na tuna da asarar unguwarmu, wato wurin matse man riɗi, inda raƙumi yake zagaya turmi da idanu a rufe. Kakata ba ta yarda da wani mai ba sai na wurin nan, da shi take shafe mana ƙirji idan mura ta kama mu, kuma har yau nakan gane shi daga ƙamshi, ko da an zuba shi a tsohuwar robar ruwa.