Nasiha ga mai jego da angon ƙarni a kan barcin dare

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan'uwa maza da mata.

Duk gidan da aka yi suna kwanan nan a Yamai, a Bukoki ne ko Talaje ko Lazare, in ka bi ta ƙofarsa ƙarfe 2 na dare kukan jariri za ka ji, da muryar uwa tana rarrashi. Muryar uba ce ba a cika ji ba. Ko ya koma wani ɗaki saboda gobe akwai aiki, ko yana can fada ana jiran shayi na uku. Nasihar nan ta ku biyu ce, amma angon ƙarni, kasonka ya fi yawa.

Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratu Luƙman, aya ta 14, uwa ta ɗauki ɗanta "wahnan ala wahnin", rauni a kan rauni. A Baƙara, aya ta 233, inda ake maganar shayarwa, Ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Mace ta yi wata uku ba ta samu barcin awa uku a jere ba, mijinta yana minshari a gefe, wannan ma cutarwa ce ko ba a yi niyya ba.

Mu fara fahimtar yaron, don yawancin fushin da ake yi da shi rashin sani ne. Sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, amma a gutsure: awa biyu, uku, ya farka. Tumbinsa ƙarami ne. Ranar haihuwa abin da yake ɗauka bai fi cokalin shayi ba, ko ya yi wata ɗaya girman tumbin kamar ƙwan kaza ne. Nono kuma saurin narkewa gare shi, shi ya sa yake neman mama sau 8 zuwa 12 cikin awa 24. Bai san dare ba, bai san rana ba, sai wajen wata 2 zuwa 3 jikinsa ke fara rarrabewa. Kukan marece yakan tsananta wajen sati 6, ya lafa a wata 3 zuwa 4. Yaron da ke kama mama da ƙarfi, yana jiƙa zane aƙalla sau 6 a rana, nauyinsa yana hawa in an je awo, lafiyarsa lau. Kada a ce nonon bai ƙosar da shi, kada kuma a zargi maƙwabciya da maita.

Abin da ya fi karya mai jego shi ne barcin da ake yanke mata kowace awa. Don haka ku raba daren. Bayan isha'i, wajen ƙarfe 9, ta shayar da shi ya ƙoshi, ta miƙa maka, ta kwanta nan take. Ba wanke-wanke, ba wanki, ba leƙa WhatsApp. Daga nan zuwa ƙarfe 1 yaro yana hannunka, maigida. In ya nemi mama ka kai mata tana kwance a gefenta, ka zauna ido biyu har ya gama don kada barci ya sace ta ta danne shi, sannan ka ɗauke shi. Ka ɗora shi a kafaɗa kana shafa bayansa minti 5 zuwa 10 ko zai yi gyatsa, ka canza masa kush in ya ɓata, ka zaga da shi a hankali har ya yi lamo. Shan maman kansa sau da yawa minti 15 zuwa 20 ne. Gyatsa da canji da rarrashi su ne ke mayar da shi awa guda, kuma babu ɗaya cikinsu da sai mai nono ke iyawa. Daga ƙarfe 1 ita ta karɓa, kai ka samu naka har kiran asuba. In akwai kaka ko ƙanwa a gidan, ta ɗauki yaron bayan asuba uwa ta ƙara awa ɗaya ko biyu. Mai mata fiye da ɗaya, daren da ba a ɗakin mai jego kake ba, tun da rana ka san wa zai kwana da ita.

Mun san abin da ke hana wasu: kada ƴan fada su ce mijin-ta-ce. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Shi ne kuma yake shiga salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan yaro, ya taƙaita don tausayin uwar. Duka biyun suna cikin Bukhari. Wanda ya rage karatu a sallar jam'i saboda uwa ɗaya, me kake jin zai ce da mai barin matarsa ta kwana a tsaye?

Ƴan barka ma da nasu. Ku yi addu'a, ku ajiye abin da kuka kawo, ku tashi. Tsakanin azahar da la'asar a bar mai jego ta yi ƙailula tare da ɗanta.

Ana koya wa jariri dare da rana. Da rana a buɗe taga, a yi magana, a yi aikin gida kamar kullum. Da dare a kashe fitila, a bar ƴar tocila mai dushi-dushi, a shayar shiru, ba wasa, ba hasken waya a fuskarsa. Ruwan sha na uwa, zane, kush da abin gogewa su kwana kusa da hannu. Uwa ta rage shayi mai ƙarfi da Nescafé daga la'asar, suna ratsawa cikin nono.

A Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kuran (wutar lantarki) ya ɗauke, rabin kukan dare na zufa ne. Riga ɗaya ta auduga marar kauri ta isa, ba hula, ba naɗewa cikin bargo. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, in da gumi ki rage kaya. Kada zafi ya sa a ba shi ruwa kafin wata 6: mafi yawan nono ruwa ne, a dai ƙara yawan shayarwa, uwa ce za ta sha ruwan. Ko a tsakar gida aka kwana, sange (gidan sauro) dole ne, a cusa bakin sangen ƙarƙashin katifa, balle da damina. Da hunturu kuwa, kaskon garwashi a ɗaki rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A fitar da shi kafin a rufe ƙofa. Hayaƙin turaren wuta, na taba da na maganin sauro duk suna takura ƙirjin jariri.

Kwanciyarsa kullum rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tulin zannuwa kusa da fuskarsa. Ya fi aminci ya samu tasa shimfiɗar dab da ta uwa. In gado ɗaya ne, kada a sa shi tsakanin mutum biyu ko kusa da yayyensa, kuma kada wanda ya sha magani mai sa barci ko mai shan taba ya kwana da shi. Wanda aka haifa bai cika wata tara a ciki ba, ko ƙarami sosai, a ware masa wurinsa. Gyangyaɗi da jariri a kujerar falo ya fi duka haɗari, yana iya zamewa cikin lungun kujera numfashi ya toshe.

Yanzu ga inda muke roƙonku saboda Allah. Kada a sayi siro a hannun mai talla don yaro ya yi barci. Irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin jariri, shirun da kike gani suma ce ke kusa. Bauri da jiƙe-jiƙe suna kawo zawo, zuma kuma ba a ba yaro ita sai ya shekara. Addu'a a tofa masa, abin da zai shiga cikinsa nono kaɗai. Wadda Annabi (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini ta isa: "U'izuka bi kalimatillahit tammati min kulli shaiɗanin wa hammatin, wa min kulli ainin lammatin", in mace ce a ce "u'izuki". Kuma in ranki ya kai maƙura, ko naka, kada a girgiza shi. Wuyansa bai riƙe kansa ba, girgiza ta ƴan daƙiƙu tana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa, ta bar makanta ko ta kashe. A ajiye shi rigingine wuri mai aminci, a fita tsakar gida minti 5, a yi a'uziyya, a tashi wani ya karɓa.

Ƴar'uwa, ke da kika yi tsarki kina kukan kin daina ƙiyamul laili, ki kwantar da hankali. Annabi (SAW) ya ce wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya je neman gafara ya zagi kansa. Ya gaskata Salmanu da ya ce wa Abu Darda'i ranka yana da haƙƙi a kanka. In barci ya rinjaye ki asuba ta wuce ba da gangan ba, ki yi ta da zarar kin farka. Malaman Malikiyya sun yi rangwame a kan fitsarin yaro da ke taɓa tufar mai shayarwa in tana ƙoƙarin kiyayewa, sun kuma so ta ware zanen salla. Farkawar nan ma ƙofa ce: a hadisin Ubada ɗan Samit, wanda ya farka da dare ya yi "La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu" zuwa ƙarshen zikirin, sannan ya roƙi Allah, ana amsa masa. Ke sau nawa kike farkawa? Kafin kwanciya kuma ga abin da aka koya wa Nana Faɗima lokacin da aikin gida ya gajiyar da ita ta nemi mai hidima: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34.

Akwai kukan da ba a jiran safiya da shi. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi kama mama, ko ya yi laushi ba ya farkawa, ko yana sauri-saurin numfashi ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya yi jijjiga, a ɗauke shi a daren zuwa CSI (cibiyar kiwon lafiya ta unguwa) mafi kusa ko asibiti. Uwa ita ma a sa mata ido. In ta haura sati 2 tana kuka ba dalili, ba ta iya barci ko yaro ya yi, abinci ya fita ranta, ko tana jin tsoron za ta cutar da kanta ko ɗanta, kada a ce mata ƙarancin imani ne. Ciwo ne da ke samun mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Maigida, kai za ka kai ta wurin ungozoma ko likita da kanka, ka zauna a yi bayanin a gabanka.