Ɗan Mai Awo a Ɗakin Gwaji

A rumfar hatsi na tashi. Mahaifina a Dawanau yake sayar da gero da dawa da wake, kuma tun ina firamare, da an taso daga makaranta ni ne a bakin buhu da mudu a hannu. Awo kam na iya shi. In na nutsa mudu a gero na ɗago, sai ya yi tozo kamar na bijimin layya, ƙwaya ɗaya ba ta zuba. In na juye wa mai saye, sai in sake damƙo hannu guda in watsa masa a kai. Gyara ke nan. Baba ya sha gaya mana cewa duk wanda ka auna wa ba ka yi masa gyara ba, to kun yi cinikin farko, kun yi na ƙarshe.

Da wannan hannun na shiga karatun digiri na biyu, aka ba ni aikin neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a samfurin jini.

Ranar farko Hajiya, shugabar ma'aikatan ɗakin gwajin, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, ka iya fifet?"

"Na iya, Hajiya."

Allah Ya yafe mini. Sau ɗaya na taɓa ganin fifet, muna aji uku a jami'a, da malami ya ɗaga ta sama a gaban ɗalibai sama da ɗari biyu, ya ce ga ta nan, ya mayar da ita aljihun farar rigarsa. Amma a raina cewa na yi, mutumin da ya aunar da buhuna ba adadi, ɗan ruwan nan ne zai gagare shi?

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, fifet kamar ƙaton biro take, da madanni a ka. A ƙasanta ake cusa wani ɗan tsinin roba da muke kira tif, shi ke shiga ruwa, ita kanta ba ta taɓawa. Iska ce ke aikin: ka danna, iska ta fita, ka saki, ruwa ya hau ya cike gurbin. Ma'auninta maikirolita, wato lita guda a raba ta gida miliyan. Ledar fiya wata mai rabin lita, maikirolita 500,000 ce a ciki. Ɗigon ruwa ɗaya tal ya kai wajen 50. Mu kuwa sai a ce ɗebo biyu, ɗebo rabi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa neman rabin maikirolita a bakin tif ba.

Guda uku ne a kan teburina: P20 da P200 masu ɗaukar tif rawaya, da P1000 mai ɗaukar shuɗi. Kowacce da 'yar taga mai lambobi uku a jere daga sama zuwa ƙasa. Abin haushin, in ka ga 0-5-0 a ƙaramar, biyar ke nan. A ta tsakiya hamsin. A babbar ɗari biyar. Lamba ɗaya, awo uku. A kasuwa, mai irin wannan mudu gaban sarkin kasuwa zai kwana.

Tun ranar na lura da wani abu. In na danna madannin sai ya cije a tsakiya, in na ƙara ƙarfi sai ya ƙarasa ƙasa. Na ce a raina, kayan gwamnati, an bar su ba ko ɗan mai. Sai na riƙa danna shi har ƙasa da ƙarfin Allah kafin in tsoma tif, ina jin ni ne ma nake rufa wa ɗakin gwajin asiri.

Aikin namu PCR ne, dabarar da Kary Mullis ya fito da ita a 1983, har ta ba shi kyautar Nobel a 1993. Injin kwafi ne, amma na DNA, wato sinadarin gado da ke cikin kowane mai rai. In DNA ta ƙwayar zazzaɓin tana cikin jinin, ita zai yi ta kwafa har a iya ganinta. A zuba kayan haɗi a ɗan bututun da bai kai kan ɗan yatsa ba, injin ya kai zafi digiri 95, ya sauko wajen 55 zuwa 60, ya hau 72, ya yi ta maimaitawa sau talatin ko fiye. Mai yin kwafin wani sinadari ne da ake kira Taq, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafin ba ya kashe shi. Daga waje ake kawo mana shi, a cikin ƙanƙara, bayan an yi makonni ana jira, kuma kuɗinsa ba na faɗa a gaban mai hawan jini ba ne. Hajiya ba ta barin sabon shiga ya taɓa shi. Ita ke kwaɓa haɗin gaba ɗaya a bututu guda, kamar ƙullun ƙosai, ta miƙo maka ka rarraba.

Bututu goma gare ni. Kowanne zai sami maikirolita 23 na haɗi, a ƙara masa 2 na DNA, ya zama 25. Hajiya ma na goma sha ɗaya take kwaɓawa saboda ɗan abin da ke maƙalewa a jikin roba. Na fara rabo da bismillah. Ina kan na takwas haɗi ya ƙare.

Washegari haka. Jibi ma haka.

To ni ɗan kasuwa ne. In kaya ba su kai ba, na san inda ake dubawa. Na kwana ina juyi, ina cewa ashe har a nan akwai masu tauye mudu? Mace mai kamala, ta je Makka, kullum da carbi a hannu. Ran nan na huɗu na daure na same ta a ofis, na rage tsawo na gaishe ta.

"Hajiya, ba wai zargi nake ba. Amma haɗin nan fa ba ya kaiwa."

Ba ta ce uffan ba. Ta miƙe ta ce in biyo ta da fifet ɗina. Muka tsaya gaban sikelin nan mai gilashi, wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai lambobinsa sun motsa. Ta ce maikirolita ɗaya na ruwa nauyinsa kusan miligiram ɗaya ne, saboda haka ɗari ya kamata ya ba da giram 0.100. Ta saita P200 a kan ɗari, ta ɗiba ta zuba: 0.100. Ta sake: 0.099. Ta sake: 0.100. Ta miƙo mini.

Na gyara tsayuwa na danna har ƙasa. 0.111. Na sake. 0.113.

"Sake," in ji ta. "Ba sikelin nake kallo ba, babban yatsanka nake kallo."

Kafin in ɗago, ta riƙe mini hannu. Ashe cijewar nan da nake ɗauka tsatsa ce, ita ce awon. Madannin matsaya biyu gare shi. A ta farko ake tsayawa kafin a zuƙa, nan ne iskar da ta fita ta yi daidai da lambar da ke taga. Ta biyun ba ta da aiki sai wajen zubarwa, don ta huro ɗigon ƙarshe da ya maƙale a tsinin tif. Wanda ya danna har ƙasa sannan ya zuƙa, ya ɗebo awo da ƙari.

"A ina ka ce mahaifinka yake kasuwa?"

"Dawanau, Hajiya."

"Haba, ni na ce. Wato kwana uku gyara kake yi wa kowane bututu, da Taq ɗina, sannan ka zo kana tuhumata da tauye mudu."

Akwai ɗalibai huɗu a ɗakin. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Daga ranar sunana ya ɓata, na koma Mai Gyara. Har mai shara haka take kirana.

Hukuncina mako guda ina auna ruwan da aka sa wa kalar girki. Hajiya tana tsaye a kaina. Riƙe ta a miƙe, ba a karkace kamar mai zuba shayi ba. Kada tif ya nutse fiye da milimita biyu zuwa uku, ba rijiya kake yasa ba. Fara zuƙa ka mayar sau biyu don cikin tif ya jiƙe. Saki yatsa a hankali, ka jira daƙiƙa guda ruwan ya gama hawa. Wajen zubawa jingina tsinin da jikin bututu, matsaya ta farko, sannan ta biyu, kuma ka fito da tif waje kafin ka saki, in ba haka ba abin da ka zuba ka sake kwashe shi. In ta gaji da faɗa sai ta ba ni tarihi: wai mu 'yan gata ne, su da baki suka koyi zuƙa ta bututun gilashi, in mutum ya yi sakaci ya ji abu a harshe. Wani likita Bajamushe, Heinrich Schnitger, shi ma gajiya ya yi da wannan zuƙar a jami'ar Marburg, ya ƙera ta farko a 1957.

A cikin makon ne waya ta yi ƙara a aljihuna, na saki madanni farat ɗaya, shuɗin ruwa ya yi tsalle ya shige cikin fifet, ni kuma na kwantar da ita a tebur na amsa sallama. Sai da aka kwance ta aka wanke. A makon ne kuma na sa bututu ɗaya tilo a injin wulwulawa ba tare da na sa masa abokin nauyi a ɗaya gefen ba. Injin ya kama rawa yana tafiya kamar na markaɗe, sai wata 'yar aji huɗu ce ta rugo ta kashe, ta ce, "Yaya, a riƙa yi musu biyu-biyu." Yarinyar da ƙanwata ta uku ta girme ta.

Duk da haka hannu ya faɗa. Sikeli ya fara ba ni 0.100, haɗi ya fara kaiwa har da ragowa. Abu ɗaya ne ya ci gaba da ci mini rai: tif. Roba sabuwa fil, a tsoma ta sau ɗaya a harba kwandon shara. Mu da ko ledar awo sai mun kakkaɓe mun sake amfani da ita! Ranar da na zo zuba DNA, Hajiya ta fita salla, sai na ga ai ba laifi in tif ɗaya ya yi mini bututu uku ko huɗu. Na leƙa cikinsa, fes, ba komai.

Aka gama PCR, na zo kan jel, inda DNA da aka kwafa take fitowa a matsayin layi. Shi jel garin agaros ne da ake samu daga ciyawar teku, giram ɗaya a mililita 100 na ruwan bafa, wato wani ruwa mai gishiri-gishiri da wutar lantarki ke bi ta cikinsa, a dafa, a zuba a faranti, a kafa masa mataji, in ya daskare a zare matajin ya bar 'yan ramuka. A nan ake ɗura samfur, a sa wuta. DNA cajinta na ɗebewa ne, don haka wajen jar waya mai cajin tarawa take gudu. Ni kuwa na juya farantin, ramukan suka koma gefen jar. Bayan minti arba'in na dawo na tarar samfurina sun fice ta ƙofar baya sun bi ruwa. Allah Ya taimake ni biyar-biyar na ɗura, akwai saura. Na sake dafa wani jel ɗin ba wanda ya sani, ko kuma sun sani sun yi mini kara.

Karo na biyu, da aka kunna fitilar UV, wadda a ƙarƙashinta ake ganin DNA a jel, sai ga layuka suna walƙiya reras, kowane rami da nasa. Ban tsaya neman Hajiya ba. Na ɗauki hoto na haura sama wajen Farfesa har ina tuntuɓe.

"Ranka ya daɗe, ya yi! Duka sun fito!"

Ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Ya sa bakin biro a kan layin ƙarshe.

"Wannan jinin wane ne?"

"Ba jini ba ne, ranka ya daɗe. Ruwa ne zalla, na shaida."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Bututun ruwan ana sa shi ne don ya fito wayam, ya tabbatar ba abin da ya gurɓata aikin. PCR ninkawa take yi: ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, a zagaye na talatin an haura biliyan. Ɗan abin da idona bai gani ba a cikin tif ya ishe ta jari.

"To madalla," in ji Farfesa. "Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin ruwa da zazzaɓi ba sai a hannunka. Ka sauka ka gaya wa Hajiya a fara ba shi magani."

Tif ɗin da na yi tattali duka ba su kai goma ba. Aikin mako biyu ya tafi, da Taq ɗinsa. Abin da Hajiya ta ce ba zan rubuta shi a nan ba, amma ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Bayan wata shida, wata Asabar na je rumfa taya Baba. Wata tsohuwa ta zo sayen gero mudu uku. Na nutsa mudu na ɗago, na ɗaga shi daidai idona, na sa gefen hannu na share kansa ya yi ɗaiɗai da baki, na jira ya natsu, na juye a hankali. Haka sau uku. Na ƙulle leda na miƙa mata.

Ta dubi ledar, ta dube ni.

"Ɗan nan, ina tozon? Ina gyara?"

"Iya, ai awon ya cika daidai."

Ta juya wajen Baba. "Alhaji, wannan yaron naka ne, ko ɗan haya ka ɗauko?"

Baba ya taso ya fizge mudun, ya kwance ledar, ya damƙo gero hannu biyu ya watsa mata, ya ƙara da na uku yana ba ta haƙuri. Da ta tafi ya nuna mini benci can bayan buhuna.

"Je ka zauna. Kuɗin makaranta na biya a koya maka ilimi, ashe hannu suka lalata maka."